Tseren ranar hutu: in bi agogona ko in tsaya wa iyali?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

A inda nake zaune ana yin tseren titi na kilomita 5 kowace safiyar sabuwar shekara. Shekara uku ke nan ina shiga ni kaɗai, iyali suna bakin hanya suna tafa mini. Bara na gama a minti 23 da sakan 40. Wata uku ke nan ina atisaye don in sauko ƙasa da minti 23, kuma jikina yana nuna mini zan iya. To, shekaranjiya sai maiɗakina ta ce ita fa ta gaji da tafi, ta yi mana rajista gaba ɗaya: ita da Sadiq mai shekara 12 da ƙanwarsa mai shekara 7, har da mahaifina da ya zo mana hutu, shekararsa 66. Wai mu tashi tare, mu shiga tare, a ɗauke mu hoto a layin ƙarshe.

Allah ya sani na ji daɗi. Amma in na bi tafiyarsu, awa guda za mu yi a hanya. Saura mako biyar. Waɗanda suka saba shiga irin wannan da iyali, yaya kuke yi? In yi guduna mu haɗu a ƙarshe, ko in ajiye agogo a gida?

Maman_Ikram:
Wa alaikumus salam. Malam, agogon nan ba inda za shi. Tseren kilomita 5 ko wata mai zuwa ka nema za ka samu. Amma mahaifinka ya yarda ya maƙala lamba a ƙirji yana da shekara 66, sau nawa kake zaton za a sake yin haka? Ajiye agogon.

Dan_Sassarfa:
Na san haka za a fara. Wanda bai taɓa tashi da duku-duku wata uku a jere ba, sanyi na dukansa, ba zai gane abin da mutumin nan yake faɗa ba. Ƙwarin jikin da ya tara ba kuɗi ba ne da za a sa a asusu a dawo a ɗauka. Zai kai ƙololuwa ne a daidai makon tseren, in ya wuce sai an sake sabon lale. Abban Sadiq, yi gudunka. Iyalinka ba za su ɓata ba.

Gwaggo_Talatu:
Ni dai ku fahimtar da ni. Duk wannan dogon bayanin a kan sakan arba'in ne? Sakan arba'in ɗin da ban gama ɗaura ɗankwali a cikinsa ba?

Dan_Sassarfa:
Gwaggo, ranki ya daɗe, lissafin ba haka yake ba. Daga 23:40 zuwa 22:59 sai ya rage kusan sakan 8 a kowace kilomita, sau biyar a jere, ba hutawa. A irin saurinsa, sakan arba'in tazarar mita 140 ce ko kusa da haka. Ki tsaya a titi ki hango mutum a wannan nisan, shi ne wanda yake son ya kamo.

Gwaggo_Talatu:
To Allah ya ba shi sa'ar kamo shi. In ya kamo shi ya gaishe mini da shi.

Kawu_Bala:
Abin ai ba ya buƙatar gardama. Ni ga yadda nake yi shekara da shekaru: in yi guduna, in karɓi lambar yabo, in sha ruwa, sai in juya in bi hanya in taro su. Kafin su kai kilomita 3 na iske su, mu ƙarasa tare. Jifa ɗaya tsuntsu biyu. An samu lokaci, an samu hoto.

Mai_Tuta:
Kawu, da girmanka, amma irin ku ne kuke sa mu furfura. Ni ɗan sa-kai ne, shekara shida ina tsayawa a mararraba da tuta a hannu. Mutum ya gama nasa, ya juyo yana saɓa wa ɗaruruwan mutane da suke tahowa a gajiye, kawunansu a ƙasa. Na ga an yi karo da yaro har haɓɓo ya ɓalle. In dole sai ka koma, ka fita daga titin, ka bi gefen da 'yan kallo suke, a tafe ba a guje ba.

Sa'an nan abu na biyu. A bayan lambar ƙirjin nan akwai 'yar na'ura da take magana da tabarmar da aka shimfiɗa a layin ƙarshe. In ka taka ta sau biyu da lamba ɗaya, kana iya rikita wa masu lissafi aiki, wani lokaci ma lokacinka na biyu ne zai fito a sakamako. Ka raka su zuwa kusa da ƙarshe, ka zame gefe. Wasu masu shirya tsere ma sun hana komawar gaba ɗaya, a duba ƙa'idarsu tukuna.

Kawu_Bala:
To ai in na zame gefe hoton ya tashi ke nan.

Mai_Tuta:
A ɗauka a bayan layi mana, Kawu. Hoto bai san inda tabarma take ba.

Sista_Rabi:
Kowa yana maganar agogo da hoto, ni hankalina yana kan Baba. Aikin jinya nake yi, don haka a yi haƙuri da ni.

Abban Sadiq, shekara 66 ba ta hana mutum tafiyar kilomita 5, da yawa ma suna gudunta. Abin tambaya shi ne yaya yake a yau da kullum. Yana tafiyar ƙafa ko kuwa daga mota sai kujera? Yana da hawan jini ko ciwon suga? Ya taɓa jin nauyi a ƙirji, ko jiri, ko haki da ya wuce ƙima in ya hau bene? In akwai ko ɗaya, ya ga likita kafin ranar, kuma a rubuta magungunan da yake sha a bayan lambarsa. Haɗarin dattawa a wurin nan ba nisan ba ne, zuga ce. Ana busa usur, ga kiɗa, ga jama'a sun kwasa a guje, sai dattijo ya tuna ƙuruciya ya bi su. Dole wani babba ya kasance a gefensa wanda zai iya ce masa ya sassauta, kuma ya ji maganarsa. Surukarsa ba za ta iya ba, kunya za ta hana ta.

Ma'auni mai sauƙi ga kowa, yaro da babba: in kana iya magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, saurin ya yi daidai.

Abban_Sadiq:
Na gode Sista. Baba yana da hawan jini amma yana shan magani, kuma kullum da safe sai ya zaga unguwa kamar rabin awa. Matsalar ita ce abin da kika faɗa. Tun da aka ba shi labari yake gaya wa jikokinsa wai a makaranta ba a taɓa wuce shi a gudu ba. Jiya na same shi yana gwada takalmina.

Yar_Auta:
Baba ya shirya! Ni ina bayan Baba, duk wanda ya ga dama ya zo.

Sista_Rabi:
Takalmin nan kada ya sa shi ranar. Wanda ƙafarsa ta saba da shi zai sa. Wannan ya shafi kowa a gidan: ba sabon takalmi, ba sabuwar safa, ba sabon abin ci da safen nan. Abin da ba a gwada a atisaye ba, ba a gwada shi ranar tsere.

Alhaji_Mai_Nazari:
Ku bar ni in ba da nawa labarin, wataƙila ya yi amfani.

Shekara huɗu da suka wuce na shiga irin halin da Abban Sadiq yake ciki, sai dai ni na zaɓi agogo. Na ce wa uwargida da yara uku mu haɗu a wajen motar asibiti da ke ƙarshe. Na yi guduna, na samu lokacin da nake nema, har yau ina iya faɗar sa da sakan-sakan ɗinsa. Na tsaya ina jira. Minti ashirin, talatin, arba'in. Sai ga uwargida da yara biyu, ba na tsakiyan. Shekararsa tara a lokacin. Ashe tun a kilomita ta farko ya ce zai bi Baba, ya kutsa cikin jama'a, ita kuma tana riƙe da ƙaramar ba ta iya bin sa ba. Ta zaci ya iske ni, ni na zaci yana tare da ita.

Ba zan iya kwatanta muku minti goma sha biyar ɗin da suka biyo baya ba. Ina sanye da lambar yabo a wuya ina bin mutane ina tambaya. A ƙarshe wata 'yar sa-kai ce ta kawo shi. Ya gaji a kilomita ta uku, ya zauna a bakin kwalbati yana kuka, ta juya lambarsa ba ta ga an rubuta komai ba, sai da ta taho da shi a ƙafa.

Ban ce laifin gudun ba ne, laifin shirinmu ne. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron ni yake nema. Bai damu da tsere ba, so yake ya yi gudu kusa da ubansa. Tun daga ranar, tseren hutu nasu ne, sauran na shekara nawa ne. Kuma ko wane shiri kuka yi, ku rubuta lambar waya a bayan lambar kowane yaro da alƙalamin da gumi ba ya gogewa.

Maman_Ikram:
Alhaji ya gama magana.

Dan_Sassarfa:
Bai gama ba, Hajiya. Da kansa ya ce laifin shiri ne. Labarin ya nuna a tsara abu da kyau, bai nuna a daina gudu ba. Kuma yara suna koyon wani abu in suka ga ubansu ya sa wa kansa buri ya cim masa.

Na_Gefe:
Ni tambayata daban ce. Me ya kai mutum tashi da sassafe ranar hutu, ya tashi yara daga barci, ya biya kuɗi, don ya yi gudu a titin da kullum yake bi kyauta? Ga rufe hanyoyi. Bara sai da na yi zagaye mai nisa zan kai mara lafiya asibiti saboda an toshe babban titi. Wannan sabon yayi ne kawai na masu son hoto.

Mai_Tuta:
Maganar rufe hanya gaskiya ce, kuma Allah ya ƙara wa mara lafiyar sauƙi. Ya kamata a sanar da mazauna tun da wuri, kuma a bar mashiga ga masu lalura. Mu an umarce mu mu tsayar da masu gudu in motar gaggawa ta zo. Dalilin da ya sa ake zaɓar safiyar hutu ma ke nan, motoci sun yi ƙaranci.

Malam_Tarihi:
Na_Gefe, ka ce komai amma ban da sabon yayi. A birnin Buffalo da ke jihar New York ta Amurka, tun 1896 ake yin tsere a ranar bikin godiyarsu na watan Nuwamba, mutum shida ne suka fara shi, kuma har yau ana yi. Ire-irensa sun cika Amurka, suna kiran su gudun talotalo. A Burazil akwai tseren Sao Silvestre na birnin Sao Paulo, kowace 31 ga Disamba tun 1925. Wani ɗan jarida, Casper Libero, shi ya ƙirƙiro shi, da can cikin dare ake yin sa, yanzu kilomita 15 ne. Paul Tergat na Kenya sau biyar yana lashe shi. Madrid ma tana da nata na daren ƙarshen shekara tun 1964. A Atlanta kuwa ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, ake yin na kilomita 10 tun 1970, kuma an sha tara mutum wajen dubu 60.

Dalilin a fili yake. Ranar hutu ce kaɗai ɗan makaranta da ma'aikaci da kaka suke samun safiya ɗaya babu inda za su.

Kawu_Bala:
Malam, ni na ɗauka na Boston ne ya fi kowanne daɗewa a can.

Malam_Tarihi:
Na Boston a 1897 aka fara, na Buffalo ya girme shi da 'yan watanni. Abin da Boston take taƙama da shi shi ne ita ce mafi daɗewa a cikin gudun yada-ƙanin-wani da ake yi duk shekara. Shi ma ɗin a ranar hutu ake yin sa, wata Litinin a watan Afrilu. Amma wannan kilomita 42 ne da mita 195, ba na zuwa da jikoki ba ne.

Dan_Sassarfa:
Tun da an shigo tarihi, bari in ƙara wa masu cewa tseren hutu wasa ne kawai. A tseren ƙarshen shekara na Barcelona, ranar 31 ga Disamba 2021, Berihu Aregawi na Habasha ya kafa tarihin duniya na kilomita 5 a titi, minti 12 da sakan 49. A wannan tseren dai, 31 ga Disamba 2024, Beatrice Chebet ta Kenya ta yi 13:54, mace ta farko da ta sauko ƙasa da minti 14. Su ma suna da iyali ai.

Gwaggo_Talatu:
Su sana'arsu ce, ɗana. In Abban Sadiq ya yi minti 22 wa zai biya shi? Ko uwar 'ya'yansa ba za ta tafa masa ba bana, tana can baya tana fama da yara da suruki.

Yar_Auta:
Gwaggo yau ba sauƙi.

Ummu_Tagwaye:
Ni daga ɓangaren matar zan yi magana, don na taɓa zama a matsayinta. Ranar da na fara shiga, ba gajiya nake tsoro ba, kunya nake ji. Ina ganin kowa zai kalle ni, ni ce zan zo ta ƙarshe, a tarar ana naɗe tutoci ana kwashe tebura. Maigidana ya ce zai yi nasa ya jira ni, na ce to, amma a raina na ji kamar an kai ni tsakiyar kasuwa an sake ni. Abban Sadiq, ka tambaye ta dalilin da ya sa take son ku tafi tare. Kada ka ɗauka hoton ne don ta ce hoto.

Batun shiri kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyar ba zai mai da ita mai gudun kilomita 5 ba tsayawa ba. Shirin da aka fi sani na masu farawa daga zaman kujera mako tara yake ɗauka, sau uku a mako, kuma makon farko gudun minti ɗaya ne, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa. Amma mako biyar ya isa a saba da haɗa gudu da tafiya, a gama cikin minti 45 zuwa 50 ba wahala. Tafiya zalla kuwa kusan awa guda ce.

Baban_Yara_Hudu:
Abin da ba a taɓo ba shi ne 'yar shekara bakwai. Kilomita 5 fa ba kaɗan ba ce ga ƙafarta. Yara ba su san rabon ƙarfi ba: mita 300 na farko kamar an harba kibiya, daga nan sai “Baba ɗauke ni”. Na taɓa gama kilomita biyu na ƙarshe da yarinya a wuya, kwana uku ina jin bayana. Jiki magayi. A duba ko masu shiryawa suna da gajeren tseren yara, na kilomita ɗaya ko biyu, yawanci kafin na manya ko bayansa.

Mai_Tuta:
Haka ne. A parkrun, wani gudun jama'a na kilomita 5 da ake yi duk mako, wanda aka fara a wani lambu na Landan a 2004 da mutum 13, yanzu kuma ya bazu ƙasashe da yawa, ƙa'idarsu ita ce duk yaron da bai kai shekara 11 ba sai yana inda hannun babbansa zai kai gare shi tun daga farko har ƙarshe. Suna da na yara daban, kilomita 2, daga shekara 4 zuwa 14. Sa'an nan, saboda irin tsoron da Ummu Tagwaye ta faɗa, suna sa ɗan sa-kai ya riƙa tafiya a bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Tsere da yawa sun kwaikwayi wannan. A tambaya ko naku yana da shi, kuma ƙarfe nawa ake buɗe titi wa motoci.

Kawu_Bala:
Kuma a ɗura wa yaran ruwa sosai tun daren, su sha kamar lita biyu kafin a fara, kada ƙishirwa ta kama su.

Sista_Rabi:
A'a Kawu, wannan kam kada a yi. Ruwan da ya wuce ƙima yana tsinka gishirin jini, kuma yana iya kai mutum asibiti, balle ƙaramin yaro. A kilomita 5 da safe, a sha daidai ƙishirwa, kofi ɗaya kafin a fita, a kurɓa a hanya in an ji buƙata. Ban da haka ma, yaron da ya sha lita biyu, layin banɗaki za ku yi tseren a kai.

Ga mai ganin ana wahalar da yara: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na kimanin awa guda a kullum, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Ba gudun ne matsala ba, tilastawa ce. In ta ce ta gaji, a tsaya.

Kawu_Bala:
Yau dai duk abin da na faɗa sai an gyara mini. Na yi shiru.

Yar_Auta:
Kawu kada ka yi fushi, shawararka ta farko ita ce har yanzu ta fi kusa da sulhu.

Na_Gefe:
Ga wata dabara. Ya ba wani abokinsa lambarsa ya raka iyalin, shi kuma ya karɓi ta abokin ya yi gudu.

Mai_Tuta:
Ban ga abin da hakan ya gyara ba, kuma an hana. Lambar tana ɗauke da sunan mutum da wanda za a kira in ya faɗi. In aka yi musanya, wani ya suma, gidan wani za a buga wa waya.

Abban_Sadiq:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Ummu Tagwaye na tambaye ta. Ta yi dariya, ta ce shekara uku tana tsaye a bakin titi tana ganin mata sa'o'inta suna wucewa da 'ya'yansu, tana cewa a ranta ita ma za ta iya, amma ba ta san yadda ake yi ba: inda ake tsayawa, yadda ake maƙala lamba, abin da za ta yi in ƙaramar ta ƙi tafiya. Ta ce ni ne na san wurin. Kuma ta ce in ina son in yi guduna ba za ta hana ni ba. Kun dai san irin wannan “ba zan hana ka ba” ɗin.

Gwaggo_Talatu:
Mun san shi sarai. In ka ga dama ka gwada.

Dan_Sassarfa:
To ni ma bari in sassauta kaɗan. Nemi wani tseren a mako ɗaya kafin ranar ko mako ɗaya bayanta, ƙarfin jikin ba zai zube a kwana bakwai ba. Ko ka samu filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye 12 da rabi kilomita 5 ke nan cif, Sadiq ya riƙe maka agogo. Gaskiya ma tseren hutu ba wurin neman lokaci ba ne in ba a sahun gaba ka tsaya ba: ga masu keken jarirai, ga masu tafiya su huɗu a jere sun tare hanya. Amma ban janye maganata ba, ba laifi ba ne mutum ya so abu don kansa.

Maman_Ikram:
Ba wanda ya ce laifi ne. Cewa muka yi ba ranar ba.

Alhaji_Mai_Nazari:
Ku lura da Sadiq fa. Kowa yana lissafa shi cikin masu tafiya a hankali. Ɗan shekara 12 ba zai so ya yi awa guda yana bin ƙanwarsa ba. Kada a gyara wa uwa a ɓata wa ɗa.

Abban_Sadiq:
Alhaji kamar kana wurin. Yau da safe muka fita gwaji mu biyar, muka bi hanyar tseren ta gefen titi. Sadiq ya roƙa in bar shi ya yi gaba, na ce ya jira mu a kowace mararraba. Ko haki ba ya yi, yana ta tambayata wai minti nawa na yi bara. Ƙaramar ta yi kilomita biyu da rabi lafiya, daga nan ta zauna a kan dutse ta ce ita ta gama tserenta. Uwarsu ta ba ni mamaki, ta fi yadda ta zaci kanta nesa ba kusa ba. Baba kuwa bai yi gudu ko taku ɗaya ba, amma tafiyarsa ta dattawan da suka saba da ƙafa ce, sai da na riƙa sassarfa kafin in kamo shi. Da muka dawo ya ce in dai wannan ne tseren, shi ba ya buƙatar ɗan rakiya, in je in yi abin da ke gabana.

Yanzu ga ni da mai son ya yi gaba, da mai son a ɗauke ta, da mai son in tsaya kusa da ita, da wanda ya sallame ni. Na rubuta wa masu shiryawa ina tambayar ko akwai na yara.

Sista_Rabi:
Sallamar Baba ba ta karɓu ba. Gwaji daban, ranar da ya ga sa'o'insa suna wuce shi daban. A auna jininsa a makon nan.

Ummu_Tagwaye:
In akwai na yara, ƙaramar ta yi nata ta karɓi lambar yabonta, sai a samu wata 'yar'uwa ta riƙe ta a bakin hanya. Saura ku huɗu. Kai da maiɗakinka da Baba a baya, Sadiq ya yi gaba in ƙa'idarsu ta yarda ɗan shekara 12 ya tafi shi kaɗai, da lambar waya a bayansa kamar yadda Alhaji ya ce.

Dan_Sassarfa:
Wato a gidan gaba ɗaya Sadiq ne kaɗai zai samu lokaci. Abban Sadiq, ara masa agogon, amma ka gaya masa kada ya kwasa da ƙarfi a kilomita ta farko. Nan da shekara uku shi za ka riƙa hangowa a mita 140 ɗin nan.

Baban_Yara_Hudu:
In kuma babu na yaran fa? Wa zai ɗauke ta daga kilomita biyu da rabi?

Kawu_Bala:
Da na ce wanda ya gama da wuri ya dawo ya ɗauke ta, amma Mai Tuta yana nan.

Mai_Tuta:
Ina nan, Kawu. Ta gefen 'yan kallo, a tafe.